Kwana Tara da Maganar Tsohuwa a Bakina

Tsohuwa ta rasu lokacin zubar ganye, a shekarar da hayaƙi ya taso daga dazuzzukan arewa ya rufe New York, sama ta yi ja kamar an kwara manja, muka sake lalubo takunkumin da muka ajiye tun Korona. Ni kuwa na fara aiki a gidanta shekara guda bayan babban ruwan nan da ya shiga ramukan jirgin ƙasa ya tsayar da gari cak. Mai lissafi ya lissafa, shekara goma ke nan. Ni ban yi boko ba, ban yi allo ba. Matar ɗana ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki.

Ranar da labari ya iso benenmu na University Heights, matan gidan suka hau gaishe ni, amma sun rasa da wane baki za su fara. Maƙwabciyata ta hawa na uku, 'yar Zangon Kumasi, ta ce Allah ya ba ni haƙuri, sannan ta matso ta rage murya.

"Hajiya, tsakani da Allah, wai wuta suke bauta wa?"

Wata 'yar Maraɗi ta ce ita ta ji an ce borin Turawa ne. Matar limaminmu ta aiko da kunu, da saƙon cewa aiki ya ƙare, in yi wanka in manta. A gidan mamaciyar kuwa mata ne cike da falo cikin fararen kaya, ba mai kururuwa, hawaye kawai ke sauka. Mai kula da benen nasu, ƙaton mutum da ban taɓa jin ya gaishe da kowa ba, ya wuni a bakin lifta da hularsa a hannu yana danna wa masu zuwa hawa na shida.

Ban amsa wa kowa ba a ranar, domin bakina a cike yake. Akwai magana a cikinsa wadda ba tawa ba, da yaren da ba na ji, mamaciyar ta zuba mini ita kafin ta cika. In na isar da ita, abin da ta gina shekara arba'in zai tsaya. In na haɗiye ta, ko ta zube mini, a rana ta tara za a rushe shi. Bari in faɗi ko wace ce ita tukuna, sannan a gane.

An haife ta a wata ƙasa da ake kira Firisland, can arewacin Holan, inda ta ce teku ya fi gonaki tudu, ganuwar ƙasa aka yi aka tare shi. Da ta fara gaya mini na ce mata ƙarya ne, ruwa ba ya zama a saman gona, sai da ta sa aka nuna mini hoto. Ubanta masunci ne. Ta zo Amirka tana budurwa ita da ƙanwarta, bayan babban yaƙin Turawa, ta yi aikin ungozoma har ƙarfinta ya ƙare. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. In na ce 'ya'yanta, matan da suka bi ta nake nufi, su suke kiran ta uwa.

Mutanensu suna da wani tsohon labari. Wai a farkon zamani suna da uwa guda, ita ta ba su doka, ta kunna musu fitila, ta ce muddin akwai mata masu tsaron wutar nan ba wanda zai bautar da su, su ma kada su bautar da kowa. Wai kowane gari da hasumiyarsa, kowace hasumiya da fitilarta da matan tsaronta. Wasu suka ce zamani ne ya shafe abin, wasu suka ce ba a taɓa yi ba, wani mutum ne ya zauna ya tsara. Tsohuwa ta ce ko an yi ko ba a yi ba, ita za ta yi. Ta kunna tata a wani ɗaki mai kallon kogi a nan Bronx, 'yar fitilar tagulla mai cin man zaitun, mata suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar rabon tsaro.

Tambayar da 'yar Kumasi ta yi mini, ni na riga ta yi, ranar da na fara aiki. Tsohuwa ta ce ba sa roƙon wuta komai, wuta ba ta da kunne, tsaronta suke yi don kada su manta alkawarin da suka ɗauka. Na ce mata to ni Musulma ce. Zan yi mata wanka, in ciyar da ita, in juya ta, amma fitilar nan ba zan zuba mata mai ba, ba zan sunkuyar mata da kai ba. Ta ce mai jinya ta nema, masu tsaro tana da su. Shekara goma ba ta taɓa ce mini ko miƙo kwalbar mai ba. Abin da ke tsakaninta da Mahaliccinta Shi ya sani. Ni abin da idona ya gani nake faɗa.

Dokokinsu uku na riƙe. Wuta ba ta mutuwa. Ba a shiga ɗakin fitila da waya ko alƙalami, akwai kwando a bakin ƙofa. Sannan uwa ita ke faɗin wadda za ta gaje ta, da bakinta, a cikin ɗakin, a kunnen shaida. In ta mutu ba ta faɗa ba, a yi kwana tara, a na taran a kashe fitila, kowa ta kama gabanta.

Ban taɓa kiran ta uwa ba, ina da uwata. Tsohuwa nake ce mata, da Hausa. Ta tambayi ma'ana na gaya mata, ta yi dariya har da tari, ta ce to ni kuma yarinya ce. A lokacin ina da jikoki shida. Da turancin kasuwa muke magana, nawa na bakin Canal Street inda ɗana ke tallar jakunkuna, nata kuma har ta mutu akwai ƙauye a cikinsa. Kowace safiya sai an buɗe mata taga, ko ana ƙanƙara, ta shaƙi iskar kogi ta faɗi yadda wunin zai kasance, kuma ta fi mutumin talabijin dacewa. Shayinta baƙi ne wuluk, da dunƙulen sukari a ƙasan kofi, ba a juyawa. Tana cin ɗanyen kifi da albasa, ni ina kau da kai ina istigfari. Wanda ya shigo mata da kuka ba ta tambayar sa dalili sai ya shanye kofi guda. Wanda ya gode mata a tsaye sai ta ce ya zauna, ba ta son godiyar mai shirin tafiya. Lokutan sallata ta fi ni kiyayewa. Ina tsaka da aiki sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Yarinya, rana ta karkata, je ki."

Cikin 'ya'yanta biyu na fi sani. Babbar, wadda ta fara bin ta, malamar jami'a ce, doguwa, mai furfura, ita ke riƙe da littattafai, kowa ya ɗauka ita ce magajiya. Sai autarsu, wadda ta shigo ƙarshe, direbar bas ce daga Flatbush, baƙa kamata, iyayenta daga tsibiran can suke. Rabonta na tsaro Talata ne, takan zo da rigar aiki ta sake kaya a banɗaki.

Da na zo, lagwanin kanti suke sa wa fitilar, ya yi ta hayaƙi, rufi ya yi baƙi, abin ƙarar gobara ya yi ta ihu, maƙwabta su yi ta ƙorafi. Mata masu digiri sun taru sun rasa dabara. Ni da na girma da aci-balbal a Damagaram na kalle su wata guda, haushi ya ishe ni. Na sa aka sayo auduga, na zaunar da autar a kicin, na koya mata murza lagwani a cinya, ba sako-sako ba, ba ƙam ba. Ta ɓata sau ashirin ina ture mata. Tsohuwa tana ji daga ɗaki ta ce, yarinya, ba ke kika ce ba ruwanki ba. Na ce auduga nake koyarwa, abin da aka yi da ita ba a wuyana yake ba. Daga ranar hayaƙi ya ɗauke.

Mun yi faɗa sau ɗaya, babba. A shekara ta biyu ne. Suna zaune a falo, babbar tana karanta musu tsohon littafinsu da Turanci, ni ina shigowa da tiren shayi. Sai na ji ana cewa uwaye uku ne a farkon duniya, fara da ja da baƙa, 'ya'yan farar su ne masu doka da hankali, 'ya'yan baƙar kuwa ba su san doka ba, sai zafin jini. Turancina bai kai na jami'a ba, amma zagi ko da wane yare aka yi shi ina ganewa. Na dubi autar, kanta a sunkuye. Na ajiye tire a hankali, na ɗauki jakata, na sauka. Kwana shida ban koma ba, kamfanin da ya tura ni ya yi ta kira ina ƙin ɗauka.

Rana ta bakwai da hantsi aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Autar ce, ta ce in leƙo matakala. Liftarmu ta lalace a makon, ga Tsohuwa zaune a kan matakalar hawa na huɗu, ta haura tamanin, numfashi yana neman ƙwace mata, littafin a cinyarta. Ta ce ba za ta iya ƙarasa hawa ɗayan ba, in sauko. Na sauko. Ta buɗe littafin, sai ga shafukan nan ta ɗinke su da baƙin zare, gefe da gefe, yadda ba sa buɗuwa. Ta ce namiji ne ya rubuta shi, da dattinsa da komai, ita fitila ta ɗauka a ciki da dokar 'yanci, sauran ta daɗe da daina yarda da shi, amma lalaci ya sa ta bar shi a buɗe ana karantawa, wannan laifinta ne. Ta ce ba za ta yage ba, domin na baya su san an taɓa faɗin haka, su kuma ga an rufe masa baki.

Na karɓa na juya. Na ce mata ɗinkin bai yi kyau ba, ungozoma guda da wannan ɗinki. Ta ce hannu ya tsufa. Na juya ga autar na ce ke kuma shekara guda kina jin wannan kina shiru, in kika sake sunkuyar da kai a gabana ni da ke ne. Da yamma na koma aiki.

Alherinta guda ba zan mutu ban faɗa ba. Yayana ya rasu a Damagaram cikin Korona, wanda ya riƙe ni bayan ubanmu, hanya a rufe, masallaci a rufe, ba zaman makoki. Na zo aiki ban gaya wa kowa ba, amma ta dubi fuskata ta gane. Ta tambaye ni yadda muke yi a can. Na gaya mata: a cire takalmi, a zauna a ƙasa, a zo a gaishe ka, a yi shiru tare da kai, kwana uku. Sai ta sa aka janye kujerun falo, ta sa aka sauke ta ƙasa ita ma, ƙashinta yana ƙara. Kwana uku 'ya'yanta suna shigowa bibbiyu da takunkumi, su cire takalma, su zauna nesa-nesa, su ce mini sannu da Hausar da ta sa na koya musu. Babbar ce ta je har shagon naman halal ta dafo mini romo. Makokin yayana a gidan masu fitila aka yi shi. Wanda ya ga laifina don na yi kukan matar nan, ya fara jin wannan.

A shekararta ta ƙarshe ɓarin jikinta ya shanye, Turanci ya fita daga kanta gaba ɗaya kamar ba ta taɓa ji ba. Yaren ƙauyensu kawai ya rage. Babbar ta karanci yaren a littafi, amma ta ce wannan bakin masunta ne, kalma ɗaya take tsinta cikin goma. Aka mayar da gadonta ɗakin fitila. Magajiya kuwa ba ta taɓa faɗa ba, domin Tsohuwa tana da taurin kai, ba ta yarda mutuwa da ita ake ba.

Ranar Alhamis da hantsi, mai tsaron ranar ta sauka sayo mai, daga ni sai ita. Ta damƙe wuyan hannuna da hannunta mai rai, ta yi magana mai tsawo, ta dube ni, ta sake yi daga farko. A karo na biyu na gane ba surutun ciwo ba ne, maganar ɗaya ce take maimaitawa. Wayata tana cikin kwando a bakin ƙofa, na yunƙura in ɗauko ta in naɗi maganar, ta ƙara damƙe ni, ta taɓa kunnena, ta taɓa bakina.

To, a nan ta san wadda ta kama. Ni tun ina ƙarama kakata ke aikena ƙauyuka da saƙo, in kai shi yadda ya fito har da inda ta yi tsaki. Surorin da nake salla da su daga bayan zana na ɗauke su, 'yan'uwana maza suna karatu ina daka. Tashoshin jirgin garin nan da kunne na haddace su. Na zauna a bakin gado na ce mata to. Ta riƙa faɗa guntu-guntu ina mayarwa, inda na karkace ta matse hannuna, mu koma. Gaɓa goma sha biyu ce. Da na kawo ta daga farko har ƙarshe ba matsi, ta saki hannuna, ta lumshe ido. Kafin la'asar ta cika.

Na ja babbar gefe na gaya mata. Ta ce kada in faɗa mata ko kalma guda, tana cikin waɗanda abin ya shafa. Ta ce in riƙe sai rana ta tara, ita za ta nemo mai fassara. Mutum ɗaya ne ya rage a ƙasar nan mai jin wannan baki, ƙanwar mamaciyar, tana gidan tsofaffi a ƙetaren kogi, 'yar coci ce ta gaske, shekara talatin ba su yi magana ba saboda fitilar nan.

Kwana tara ina yawo da maganar. Ina dama fura ina yi, ina cikin jirgi ina yi, bayan kowace salla in na shafa addu'a sai in yi bitarta. Ɗana ya ji ni rana ta uku, ya zauna a gabana.

"Inna, kin san abin da kike maimaitawa? In kalmar kafirci ce fa? Ki bar ta ta zube, a kashe wutar, wataƙila ma lada za ki samu."

Ban raina maganarsa ba, ta tsaya mini a ƙirji. Na je wurin liman. Ya tambaye ni ko zan sunkuya wa wutar, na ce a'a. Ya ce wasiyyar mai mutuwa amana ce, amma taimakon ɓata shi ma abin tsoro ne, in ba shi lokaci ya duba littafi. Har yau yana dubawa. Na dawo gida na yanke wa kaina. Matar nan ta kama hannuna na ce mata to. Da ban ce to ba, da wani zance ne. Ban iya tsayawa gaban Allah in ce na yaudari mai mutuwa don in burge Shi.

Rana ta biyar gaɓa ta bakwai ta ɓace mini. Ina cikin jirgi na kai ta shida, na nemi ta gaba na rasa. Na wuce tashata ban sani ba. Na juya na tafi gidan, na roƙi mai tsaro ta fita, na zauna a bakin gadon da babu kowa, na riƙe wuyan hannuna da kaina, na fara daga farko da muryarta. A ƙarshen ta shida takan yi ɗan tari. Da na yi tarin, ta bakwai ta biyo.

Rana ta tara da hantsi suka cika ɗakin, a tsaye, da fararen kayansu. Babbar da kanta ta tuƙo ƙanwar. Tsohuwa ce ita ma tukuf, a keken guragu, da gicciye a wuya, ta sa aka juya kekenta yadda ba za ta ga fitilar ba. Ta ce ita ba don wannan shirme ta zo ba, a yi a gama. Na tsaya kusa da ƙofa, na yi bisimilla a zuciyata, na fara.

Ban kai gaɓa ta uku ba hannun ƙanwar ya hau bakinta. Na ƙarasa. Ta ce in sake, na sake. Babbar ta ce in ba zan ji haushi ba in yi na uku, ta rufe ido tana bi da yatsa. Da na gama ta ce ba abin da ya motsa, uku ɗin ɗaya ne.

Aka juya ga ƙanwar. Can ta dube ni, ni kaɗai, ta ce da Turanci, "In na ce ba ta ambaci kowa ba, ba wanda zai sani."

Na ce, "Ni ma da na yi shiru ba wanda zai sani, Yaya."

Ta gyaɗa kai. Ta ce gaɓa biyar na farko nata ne, amma za ta faɗa tunda a gaban mutane aka kawo. Yayarta ta ce, ke ƙaramar, na san ke za su ɗauko, ba wanda ya rage. Ranar da aka binne innarmu na ce miki aiki ne ya hana ni zuwa, ba aiki ba ne, tsoro ne, na bar ki ke kaɗai a bakin kabari, ki yafe mini. Sauran kuwa na masu fitila ne. Wadda ta shigo ƙarshe ita ce uwa. Babbar ta riƙe littattafai ta tsaya mata a baya, ta fi ta sani, kuma ba ta buƙatar kujera kafin a ji maganarta. Gaɓa ta ƙarshe ta sake komawa kan ƙanwar: ki faɗa musu yadda yake, ko da kina ƙin abin, ke ba ki taɓa iya ƙarya ba.

Autar ta zame ta zauna a ƙasa. Abin da ya fito daga bakinta shi ne gobe tana da bas ɗin asuba. Wata ta yi dariya cikin hawaye. Duk ido ya koma kan babbar, domin shekara talatin da biyar tana jiran wani abu, ga shi ya wuce ta gabanta. Sai ta je ta ɗauko wata sabuwar fitila daga kan tebur, ta durƙusa, ta sa wa autar a hannu, ta ce, "Tashi, Uwa, hannunki ake jira."

A nan na fita, wannan ba wurina ba ne. An gaya mini autar ta kunna sabuwar daga tsohuwar fitilar, sannan aka kashe tsohuwar. Ba a shiga jirgi ko bas da wuta, don haka a motar babbar aka kai ta Flatbush cikin gilashi, a hankali, motoci suna ta yi musu oda a baya.

Ina jiran lifta sai aka turo ƙanwar. Ta kama gefen mayafina, ta ce muryar ma ta yayarta ce, har tarin. Ta tambaye ni ko maganar za ta zube tunda na sauke. Na ce mata abin da ya shiga kaina ba ya fita.

Cikin mutanen wancan lokaci, mai kula da benen ya koma ƙasarsu, gidan an ba wasu haya, sun shafe rufin da fenti. Uku daga cikin 'ya'yan sun rasu, sun bi uwarsu. Babbar tana nan, ta bar jami'a, ita ke zuwa tsaron Talata yanzu. Autar tana nan, tana tuƙa bas ɗinta, takan aiko mini da auduga in duba ko mai kyau ce. Ɗana yana nan a Canal Street, bai sake tayar da zancen ba. Ƙanwar ma tana nan, ido ya tafi, kunne da saura. Farkon kowane wata nake shiga bas in haye kogi, in zauna a bakin gadonta, in faɗa mata gaɓa biyar ɗinta. Sai ta amsa wa yayarta da yarensu, wani lokaci da faɗa, wani lokaci a hankali, ta daɗe tana yi. Ni ba na ji, ba na kuma tambaya. In ta gama in gyara mata bargo, in tashi in kama hanya kafin azahar ta wuce ni.